Lambar bankin ta nuna ba a Dubai yayana yake ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, don abin nan ya hana ni cin abinci.

Ni 'yar Guri ce, ina aure a Haɗeja. Bayan ambaliyar da ta cinye mana shinkafa ta rushe ɗakin Innarmu, wani Alhaji ejan masu kai mutane aiki waje ya samo wa yayana aikin gadi a Dubai. Alhajin nan ba baƙo ba ne, shi ya raba wa mutane tabarmi lokacin ruwan, kowa albarka yake sa masa. Kafin Yaya ya tafi ya sa na buɗe asusun dala, na karɓo masa lambar suwif ta bankina, wato haruffan da ake gane banki da su in za a turo kuɗi daga waje. Yana turowa kuwa, har aka ta da ɗakin Inna da bulo. Sai dai bai taɓa yarda da bidiyo kol ba, sai saƙon murya, kullum da tari. Ni da shegiyar tsokana har cewa nake sanyin esin ɗakunan Larabawa ne ya kama bagidaje.

Wancan watan kuɗin suka maƙale, na je banki da hoton rasit ɗin da ya turo. Ma'aikaciyar ta duba lambar suwif ta bankin da ya aiko, ta tambaye ni a ina na ce yake, na ce Dubai. Ta juyo min da kwamfutar, ta ce huɗun farko sunan banki ne, biyun da ke bi musu ƙasa ce, na Dubai A da E ne, waɗannan kuwa na wata ƙasa ce can mai ƙanƙara. Ba zan faɗi sunanta ba, amma kullum ana jin ta a rediyo saboda yaƙi.

Na tsare Yaya da saƙo, sai bayan kwanaki ya turo murya ƙasa-ƙasa. Ya ce fasfonsu na hannun mutanen da suka karɓe su a can, an ba su kakin soja, wanda suka tafi tare daga Malam Madori tun tuni ba a gan shi ba. Ya ce kar in bari ƙaninmu Auta ya taho, kar kuma in ce shi ya faɗa, ana duba musu waya. Daga nan ya goge saƙon.

To ga inda gizo ke saƙar. Auta ƙaninmu Alhajin ya gama masa takardu, an jinginar da fadamarmu saboda tafiyar. Na samu Autan, ya ce baƙin ciki nake masa, so nake ya ƙare a kamun tarwaɗa. Na je wa Inna, ita kuma Bafulatana ce, Yaya ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa, ba ta taɓa karɓar waya ta ji muryarsa ba. Ina fara zancensa ta ce ba ni da kunya, ta ɗau buta ta bar min ɗakin. Mijina ya ce haruffa biyu ba hujja ba ce da za a tunkari mutum irin Alhaji da ita. Shekaranjiya kuma Alhajin da kansa ya kira ni, bai taɓa kirana ba, muka gaisa, ya ce ya ji na sha wahalar banki, in riƙa yi wa Yaya addu'a don waje sai da haƙuri. Ni dai ban gaya masa na je banki ba.

Tsoro nake ji. In na tona, ban san me za a yi wa Yaya a can ba, in na yi shiru Auta zai bi shi ranar Litinin. Jiya na tarar da Inna tana ƙulla dambun kifi leda biyu, ta miƙa wa Auta ɗaya, ɗayar ta kau da kai ta ce a kai wa wancan.

Jama'a in fasa ƙwan ne, ko akwai hanyar da zan hana yaron nan tafiya ba tare da na jefa babban a wuta ba? Wa zan fara tunkara?