Jitar Bahago

Maman Auta,

Na fita kina barci, ban so in tashe ki ba. Shayi na cikin filas.

Jiya mai koya mini kiɗa ya karɓi jitar Auta, ya jujjuya ta, ya ce, "Baba, ai wannan ta bahago ce." Wata huɗu ke nan ina fama da ita a kife, ina zagin yatsuna. Ni da na koya wa yaron nan riƙe cokali, wai na manta da hagu yake komai.

Ya ce abu mai sauƙi ne, a kwance tsirkiyoyin a sake jera su. Na ce a'a. Auta ne ya ɗaura su da hannunsa, Allah ya jiƙansa.

Zan je kasuwa in zaɓo wata mai araha, daidai da gwanintata. Maƙwabta su ƙara haƙuri.

Tasa na mayar ɗakinsa, tana jingine da gado. Don Allah in kin shiga shara kada ki goge wuyanta. Shatin yatsun da ke wurin nasa ne, nawa ba su taɓa sauka daidai ba.

Baban Auta