Ƙorafi Kan Hannayen 'Yata Amenan

Zuwa ga: Mai Girma Sufeton Ƙwadago, Bouaké
Daga: N'Goran Ahou Thérèse, mai sayar da doya, unguwar Belleville
Rana: Litinin, 15 ga Mayu, 2023

Game da: Abin da Yobouet Firmin, shugaban sashe a Kamfanin Kashu na Djèkoua, ya yi wa 'yata

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman afuwa, karatuna bai wuce aji huɗu ba. Takardu suna hannun kamfani, amma ranakun suna kaina.

1. Ranar Laraba na haihu, aka sa wa jaririn Konan, kamar kowane namijin Laraba a ƙabilarmu ta Bawule. Da girma ya zo, 'yata ta zaunar da ni ta ce ita mace ce, ba namiji ba, sunanta Amenan, sunan macen Laraba. Ta ce ranar dai ba ta canja ba. Shekara biyu bakina ya ƙi sunan. Wannan tsakanina da Allah ne, ba shi na kawo ofishinka ba.

2. Shekara bakwai tana kan sikelin kamfanin da rigar maza, ba a taɓa kama ta da kuskuren awo ba. Ranar Litinin, 20 ga Fabrairu, ana rubuta matan da za a ba atamfar bikin ranar mata ta 8 ga Maris, ta shiga layi ta faɗi sunanta na gaskiya a gaban kowa. Firmin ya ce ai sai a kawo wa amarya kujera. Aka yi dariya, ba a rubuta ta ba.

3. Ranar Alhamis, 9 ga Maris, ya cire ta daga sikeli ya tura ta ɓarar kashu, wai tunda mace ce ta yi aikin mata. Yallaɓai ya san ruwan ɓawon kashu yana cin fata kamar wuta, shi ya sa ake ba kowace mai ɓara safar hannu. Da ta je karɓa, sai ya ce safa ta waɗanda ke jerin mata ce, shi kuwa Konan ya gani a takarda. Wato mace ce wajen ƙuna, namiji wajen safa.

4. Mako uku tana ɓara da hannu tsirara. Wata dattijuwa, Akissi, ta ara mata tata, Firmin ya yi wa dattijuwar barazanar kora. Na roƙi 'yata ta bari, ta ce in ta bari ya ci nasara. Yatsun suka yi baƙi, suka tsage, suka ruɓe, har ni nake ba ta abinci a baki. Zazzaɓi ya shiga jini. Ta rasu a asibiti ranar Asabar, 15 ga Afrilu.

5. Wajen makoki Firmin ya zo da fararen kaya, ya kama hannuna ya yi mini ta'aziyyar ɗana. Don girman gawa na yi shiru. Yanzu an binne ta.

Saboda haka, cikin ladabi nake roƙo:

A kira Akissi ta ba da shaida, kada a taɓa aikinta. A kori Firmin, a kai shi gaban alƙali, kada ya sake shugabantar ko kaji. Kafin ya fita, a tara ma'aikata, ya rubuta Amenan a jerin mata da hannunsa, ya karanta da ƙarfi har na bakin ƙofa su ji. A ba ni atamfarta, yadi shida, zan ɗaura duk ranar shari'a.

Idan doka tana da wuri, a ba shi buhu ɗaya ya ɓare ba safa. Idan ba ta da shi, ba komai. Na ajiye ɓawo cikin kwano a ɗakina, kuma na san ƙofar da yake fita.

Ina jiran amsar Mai Girma cikin biyayya. Allah ya ƙara girma.

Taka mai ladabi,
N'Goran Ahou Thérèse
Uwar Amenan