Motar Gaba

Litinin, 3 ga Yuni

Duba mai, ruwa da igiyar ja kafin baƙi su fito.

Na duba. Na koma na sake dubawa, don ban tuna ko na ɗaure murfin ruwa ba. A ɗaure yake.

Yau ce fitar farko babu dattijo Amakali, wanda muke kira Tate, wato Baba. Ranar Asabar ɗansa ya zo ya tafi da shi arewa, idon Tate ya ƙi. Shekara goma da ɗoriya yana jan motar gaba, ina bin sawunsa a ta baya. Madam Retha mai kamfani ta kira ni ofis, ta ce daga yau ni ce gaba, direba Uazuva ya dawo bayana. Zuwa ƙarshen wata. In abin bai yi ba za ta ɗauko direba daga waje, ni kuma in koma jigilar baƙi daga filin jirgin Walvis Bay. Kwalta zuwa, kwalta dawowa.

Na ce to. Me zan ce?

Talata, 4 ga Yuni

Mun rage iskar tayoyi a bakin filin gishiri kamar kullum, muka shiga. Da na hau tudun rairayi na farko na sauka, sai na yi shiru ina jiran oba-oba. Ina jiran a ce, “Na sauka, hanya lafiya,” ni kuma in ce, “Ina bayanka.” Iyakar hirarmu da Tate ke nan a yawancin ranaku. Na manta yanzu ni ce mai faɗa.

Sai muryar Uazuva, mai kira na Meme, wato Inna: “Meme Tuyeni, kin sauka ne ko kin zarce ta teku har Brazil? Baƙina sun fara rubuta wasiyya.”

Yana da surutu. Ba mugun mutum ba ne, surutu ne dai.

Abin da ban taɓa lura da shi ba: gaban motar gaba babu komai. Rairayi sumul har ƙarshen gani. Ni da na saba da sawun taya layi biyu a gabana.

Alhamis, 6 ga Yuni

Ranar sulu. Na goge katakai da man goga, na nuna wa baƙi yadda za su kwanta rub-da-ciki su ɗaga bakin katako, su rufe nasu bakin. Wani Ba'italiye bai rufe ba, ya ci rairayi ya ƙoshi. Wannan aikin na iya shi. Na iya shimfiɗa tebur, na iya buɗe ƙwanson kawar teku ba tare da na yanke ba, na san inda dila ke fakon 'ya'yan karen ruwa.

Tudun nan da ake kira Kaka ne ban hau ba. Na zagaye ta ta fili. Kwana uku ke nan ina zagaye ta. Ita ce babba, kuma don ita baƙi suke zuwa. Ka cire ƙafa daga totur da wuri, mota ta zauna kan cikinta a doron tudu. Ka makara, ka tashi sama, kai da mutane shida. Tsakanin biyun numfashi ɗaya ne. Da ina kallon fitilar birkin Tate, inda ya sassauta in sassauta.

A wurin cin abinci Dawid na ɗayan kamfanin ya zo da jan shebur ɗaure a rufin motarsa. Duk direban da ya maƙale a rairayi shi ke ɗaukarsa, ya yi ta yawo da shi cikin gari har wani ya maƙale, ya kuma saya wa kowa nama. Ya buga bonet ɗina ya ce, “Budurwar shebur! Kin san yana tambayarki kullum?”

Duk suka yi dariya. Ni kaɗai ce ban taɓa ɗaukarsa ba. Na ci burodina a cikin mota.

Asabar, 8 ga Yuni

Hazon teku tun safe. 'Yata Ndina ba ta kira ba, jarabawa ta sa ta gaba a Windhoek. Ba zan dame ta ba.

Lahadi, 9 ga Yuni

Coci, wanki, shara. Na dafa tuwon gero ya yi yawa, har yau hannuna bai koyi awon mutum ɗaya ba, ga shi 'yar ta bar gida tun bara.

Na kira Tate da la'asar. Layin yana yankewa. Ya ba ni labarin akuyar da ta haifi uku, da rijiyar da ta rufta. Na ce, “Tate, a kan Kaka, ta yaya kake sanin lokaci?” Ya ce wai me? Na sake faɗa. Ya ce, “Ɗuwawu ke sani, 'yata, ba kai ba.” Sai layin ya mutu.

Na zauna da wayar a hannu. Ba amsar nake so ba ma, ina jin. Muryar ce. Da a ce zai ce hanya lafiya sau ɗaya.

Na ja shi da igiya ya fi a ƙirga. Yakan fito yana waƙar coci, ya tona, ya ɗauki shebur ya sa a rufi kamar hula. Amma shi namiji ne, kuma dattijo. In ya maƙale labari ne. Ni in na maƙale hujja ce.

Laraba, 12 ga Yuni

Wata mata ta kai ƙara ofis. Wai a hoton talla mota tana gangarowa kamar daga sama, su kuwa an yi ta yawo da su a fili kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa. Madam ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Tuyeni, ba wanda ya fi ki kula da mota a garin nan. Amma ba wanke mota suka zo kallo ba.”

Saura rabin wata da 'yan kwanaki.

Na wanke motar duk da haka. Har ƙarƙashin kujeru.

Juma'a, 14 ga Yuni

Muna mayar da iska a tayoyi, Uazuva ya tsuguna kusa da ni.

“Meme, in faɗi wata magana, ba za ki mare ni ba?”

Na ce ya danganta.

“Wannan igiyar da kike dubawa kullum, ta ado ce? Ina da irinta. Kwana goma tana kuka a but, ba ta ga rana ba.”

Na ce ya kula da tayarsa, ta wuce awo. Ba ta wuce ba.

A hanyar gida na tsaya gefen titin filin jirgi na kalle shi. Miƙaƙƙe kamar zaren awo. Babu mai maƙalewa a kansa. Ƙila nan ne daidai ni, na gaya wa kaina. Na gaya wa kaina sau biyu.

Litinin, 17 ga Yuni

Iskar gabas. An soke fita. Zafi kamar bakin tanda, rairayi har cikin sukari.

Laraba, 19 ga Yuni

Iskar ta kwanta. Gobe akwai fita, Jamusawa a motata, 'yan Johannesburg a ta Uazuva. Bayan irin wannan iska tuddai suna sake fuska, inda ka sani gangara ya zama bango. Sawun kowa ya goge, har na sauran direbobi da nake ɗan leƙawa in babu mai kallo.

Na yanke shawara zan hau Kaka. Na rubuta a nan don kar in ce ban faɗa ba.

Ban ci abincin dare ba. Shayi kawai.

Alhamis, 20 ga Yuni

Bari in bi shi daki-daki.

Mun wuce tsakanin teku da tuddai ruwa na janye, lafiya. Muka ga mariri biyu, manyan barewa masu dogayen ƙaho. Muka iso gindin Kaka rana ta ɗaga. Na ce wa baƙi su ɗaure ɗamara, su riƙe kyamarori. Giya ta biyu. Na taka.

Ta yi ta hawa, gilashi ya cika da sama, babu ƙasa ko kaɗan. Na nemi jar fitilar birki a gabana. Wallahi na neme ta. Da ban gan ta ba sai ƙafata ta janye da kanta.

Mota ta zauna. Cikinta a doron tudu, tayoyi huɗu suna juyawa a banza.

Na kashe inji. Shiru. Wani tsoho a baya ya ce ko wannan ma cikin shirin ne.

Oba-oba tana hannuna. Layi ɗaya duk kamfanoni suke amfani da shi, in na yi magana kowa daga nan har bakin gishiri zai ji. Na kalle ta na ɗan lokaci. Na tuna titin filin jirgi.

Na ce, “Uazuva. Na zauna.”

Kafin ya amsa sai ihu ya ɓarke a layin. Dawid ne. “Wa na ji? Wa ya zauna? Jama'a a tsaya, kowa ya tsaya! Budurwa ta yi miji!” Wani ya danna hon a cikin oba-oba. Wani ya fara waƙar biki.

Uazuva ya hau da ƙafa, igiya a kafaɗa, yana haki. Ya jefar da igiyar gefen taya. Muka durƙusa muka fara tona ƙarƙashin mota. Rairayin saman yana ƙuna, na ƙasa sanyi kamar randa. Wata dattijuwa cikin baƙin ta ɗauko farantin kawa ta shiga tono ita ma, mijinta yana ɗaukar hoto. Na ji wani sauti na fita daga bakina, ashe waƙar cocin nan ce ta Tate. Na yi maza na haɗiye.

Ba mu gama ba Dawid ya iso da nasa ayarin, ya bar hanyarsa takanas. Ya kwance shebur, ya hawo da shi bisa hannu biyu kamar mai kawo jariri wurin baftisma. “Meme,” in ji shi, “ki riƙe shi amana. Yana son a fita da shi ranar Lahadi.” Na karɓa. Ya fi yadda nake zato nauyi, kuma yana tono sosai. Ashe shebur ne na gaske.

Uazuva ya ja ni baya har ƙasa. Ya leƙo ta taga ya ce, a hankali don kar baƙi su ji, “Mu zagaya?”

Ban san wa ya ce a'a ba. Bakina ne dai.

Karo na biyu ban nemi fitila ba, na san babu. Na ji kujera ta ɗan sake ni, na cire ƙafa. Hancin mota ya sunkuya, sai ga teku gaba ɗaya a ƙasa. Muka sulale, Kaka tana gurnani a ƙarƙashinmu kamar yadda take yi, baƙi suna ihu.

A ƙasa na ɗauki oba-oba. Na ce, “Na sauka, hanya lafiya.”

Ya ce, “Ina bayanki.”

Haka kawai. Babu Brazil.

Juma'a, 21 ga Yuni

Na shiga gareji da shebur a rufi, na ajiye mota a lungu inda ba a gani daga ofis. Banza. Madam tana da oba-oba a tebur, ta ji komai tun jiya.

Ta fito da kofinta ta zagaya motar. Na tsaya ina jiran maganar filin jirgi, har na shirya inda zan sa fuskata. Ta ja igiyar da na ɗaure shebur da ita ta ce, “Wannan ƙullin bai yi ba, zai faɗo wa baƙi a ka. Litinin Faransawa ne, sun ce Kaka suke so. Ki tashi da wuri, ruwan teku zai cika da hantsi.”

Ta koma ciki. Ba ta ce komai kan ƙarshen wata ba. Ban tambaya ba.

Da yamma gasasshen naman kapana a unguwar Mondesa, ni ce mai biya. Sun ci kamar fari. Dawid ya ba da labarin sau uku, a na ukun har da dila yana mini dariya. Suka matsa mini wuri a benci. Ban taɓa sanin bencin yana da tsawo haka ba. Na zauna har nama ya ƙare, har na faɗa wa Dawid cikinsa ne ke sa motarsa zama, ba rairayi ba. Ban san daga ina maganar ta fito ba.

Lahadi, 23 ga Yuni

Na je coci da mota. Babu dalili, ƙafa ma tana kai ni. Yaran layi suka bi ni suna nuna rufi.

Ndina ta kira. Na gaya mata. Ta ce, “Meme, ke? Kuma murna kike yi?” Na ce wace irin murna, abin kunya ne. Ta ce to me ya sa muryata take haka. Na ce mura ce.

Ban kira Tate ba. Ba fushi ba ne, mantawa na yi, sai yanzu na tuna. Zan kira shi in ji labarin akuya.

Fentin shebur ya ɗan ɓare a baki. Ba nawa ba ne da zan damu. Kowa ma zai iya karɓe shi gobe.

Na gobe:
Duba mai, ruwa, igiya. Sau ɗaya.
Sake ƙullin rufi.
Man goga na katakai ya kusa ƙarewa.
Burodi biyu, Uazuva ba ya zuwa da nasa.
Tambayar lokacin ruwa.
Jan fenti, ƙaramin gwangwani.