An Dama Muryarka da Jita

Zuwa ga taubashina Nafi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji, kabarinka a yalwace, makwancinka da sanyi. A wasiƙa akan ƙara da cewa "kamar yadda muke nan lafiya", to ni ba zan yi maka ƙarya ba. Muna nan dai, ana ci ana sha, amma ba lafiya muke ba.

Jiya aka yi sadakar arba'in ɗinka a Jajaye. Na san mutane za su karanta wannan takarda, kuma da yawansu sun ishe ni da tambayar yaushe zan saki waƙoƙinka. Su yi haƙuri, yau ba da su nake ba. Da kai nake, don kai ne mai kayan, kai ya kamata ka fara jin abin da na yi da su.

Ka tuna ɗakinka na kusa da zaure, wanda muke kira situdiyo ba kunya ba tsoron Allah? Tsohuwar katifar Gwaggo, mahaifiyarka, muka jingina a taga, muka bi bango da kiret ɗin ƙwai, muka rataya bargo a ƙofa. Ina tasowa daga Karaye da hantsi, kwamfuta goye a bayana, makirfo a cikin safa don kada ƙura ta shige shi. Lokacin maza sun tafi gona, gida ya ɗan yi shiru. Mu kashe fanka saboda ƙararta, mu zauna muna gumi, kana cewa ni bawanka ne na zo aiki, ina cewa ai bawa shi ne mai yi wa ubangidansa kiɗa.

Jitar nan da wani ɗan bautar ƙasa ya bar maka ranar da zai bar Rogo, Gwaggo ba ta taɓa kiranta jita ba. Garaya take cewa. Kai ma ba ta taɓa kiran sunanka ba, tunda kai ne ɗan fari. Tun muna yara "kai" ne, ko "wannan yaron". Da jitar ta zo gidan sai ta samu sauƙi, ka zama "mai garaya". Ni ɗan ƙaninta ne, Lawan take ce mini kai tsaye, har ina yi maka gori cewa ni aka fi so.

Rigimarmu ɗaya ce tun ranar farko, kuma ka san ta. Na ce maka yadda masu aikin suke yi: a fara ɗaukar jita ita kaɗai, sannan ka sa abin sauraro a kunne ka ɗora murya a kai, kowanne da layinsa. In aka yi kuskure a ɗaya, a gyara shi ba a taɓa ɗayan ba. Ka gwada sau ɗaya don ka rufe mini baki. Ka tsaya gaban makirfo hannu biyu a sake, ka rera kamar ɗan firamare yana karanta haddar da bai iya ba. Ka cire abin kunnen ka miƙo mini, ka ce, "Lawan, hannuna ne yake gaya wa bakina inda zai bi. In ka ɗaure hannun, bakin ma ya ɓata."

Ban haƙura ba. Na aro makirfo na biyu, na sa ɗaya a bakinka, ɗaya a cikin jitar, wai in raba ku ta dabara. Da muka saurara, ga jita a layin murya, ga murya a layin jita. Ka yi dariya har da buga ƙafa. Ka ce, "An dama fura da nono, kai kuma ka zo da ludayi wai a tsame maka nonon. Sha kawai, malam."

Haka muka naɗi waƙoƙi takwas, kana kaɗawa kana rerawa a zama ɗaya. Akwai ta cirar gyaɗa, akwai ta makiyayin nan na Kafin Dafga da saniyarsa ta ɓata, wadda kullum sai muryarka ta ɗan karye a baiti na uku. Ni kuma in na koma Karaye sai in zauna in yi abin da nake taƙama da shi, wato tsafta. Duk wani kukan akuya, tarinka, bismillar da kake yi kafin ka taɓa tsirkiya, lugudan matan maƙwabta, hirarmu kafin a fara, duk in yanke in zubar. Ban tsaya nan ba, har kwandon sharar kwamfutar nake bi in share. Ina ganin kaina gwani.

Sai ranar waƙa ta tara. Na danna maɓallin ɗauka, ka gyara zama, ba ka kai ga taɓa jitar ba Gwaggo ta ƙwala maka kira daga tsakar gida a kan kunu. Ka amsa mata. Raina ya ɓaci, na kife kwamfutar, na ce na gaji da gidan da ba a iya yi wa mutum shiru na minti biyar. Na ce in kana son aikin nan ka zo Karaye, ɗakina babu akuya babu mai kira, kuma a can yadda na ce haka za a yi, jita daban murya daban. Ka dube ni ka ce, "To bawana, na gaji da mitarka. Ranar Talata zan zo mu yi irin taka."

Ranar Talata na share ɗaki, na rataya barguna, na sayo maka ruwan sanyi. Har azahar ina zaginka a raina, ina cewa mutumin nan ko ranar aurensa sai ya makara. Ashe tun da hantsi motar rake ta haɗu da babur ɗinka a hanyar Rogo zuwa Karaye. Jitar tana goye a bayanka, ita ma ba ta kai ba. Kowa ya ce mini kwana ne ya ƙare, kuma na yarda, wallahi na yarda. Amma na san wanda ya ce ka hau hanyar nan, na san kuma dalilinsa. Shiru nake nema, Nafi'u, ga shi na samu.

Bayan sadakar bakwai Baba Isa ya kira ni zaure. Kada ka ji haushin mahaifinka. Bai ɗaga murya ba, bai ce ka yi wani abin kunya ba. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Ya ce, "Lawan, ni ba malami ba ne, malamai ma sun saɓa a kan kiɗa. Amma ina tsoron duk ranar da wani ya kunna abin nan a rubuta wa yaron nan zunubi, shi kuwa ba shi da bakin cewa a kashe. Ba zan yi caca da kabarin ɗana ba. Kafin arba'in ka goge." Sannan ya ce, "In muryar ce zalla, ba kiɗa, ka bar wa uwarsa."

Ashe ita ta roƙe shi. Ka san Gwaggo da kara. Ranar da aka fita da kai ba wanda ya ga hawayenta, mata suna kuka ita tana ba su haƙuri, kamar ɗan maƙwabta ne ya rasu. Da na shiga yi mata sallama tana bakin murhu, ba ta ɗago ba, tana ta gyara itacen da ba ya buƙatar gyara. Ta ce, "Wai an ce kana iya cire garayar ka bar maganar?" Na ce ina iyawa. Me zan ce mata?

A nan na gane abin da muke ciki. Wayarka ta farfashe a hanya. Ni kuma ba ni da saƙon muryarka ko ɗaya, don kai marowaci ne, filashin kawai ka iya, sai dai a kira ka. Na tambayi abokanka, na tambayi ƙannenka, babu. Duk duniyar nan muryarka a wuri ɗaya ta rage, cikin waƙoƙi takwas ɗin nan, kuma kowace a dame take da jita.

Akwai manhajar da ake cewa tana raba murya da kiɗa. Na gwada ta, na gwada wata, na gwada ta uku. Mako uku ban buɗe shagona da kirki ba. Suna cire jitar, amma su tafi da rabinka. Numfashin da kake ja kafin ka ɗaga murya ya tafi. Karyewar nan ta baiti na uku ta koma wani ƙugi. Kuma duk da haka, in ka kasa kunne, tsirkiyar tana nan can ƙasa tana bin ka. Sau nawa na ji kamar kana bayana kana cewa sha kawai, malam.

Na zaɓi wadda ta fi dama na kai mata. Ta zauna a bakin gado, ta sa wayar a kunne, ta saurara har ƙarshe don kada ta kunyata ni. Ta miƙo mini ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka. Amma wannan ba shi ba ne. Wannan kamar mai magana daga cikin rijiya." Baba Isa yana daga ƙofa ya ce shi ma yana jin kiɗan. Na hau babur na dawo Karaye, ban san yadda na iso ba.

Na bi kwamfutar nan lungu-lungu ina neman abin da na zubar. Bismillarka guda ɗaya nake nema, ko tari, ko dariya. Babu. Ni da hannuna na share su, saboda wai suna ɓata aiki. Ban taɓa ƙin kaina kamar ranar ba.

Saura kwana biyu arba'in na ga wani ɗan guntu ba suna, a ƙasan sauran. Na waƙa ta tara ne, ranar da na yi fushi. Fushin ne ya hana ni buɗe shi, shi ya sa ya tsira daga tsaftata. Bai kai tsawon fatiha ba. Ana jin kujera ta yi ƙara, ka ce bismillah, sai muryar Gwaggo daga nesa: "Kai, mai garaya! Kunun nan fa ya huce!" Sai kai, da ƙarfi, kana ɗan dariya: "Na'am, Inna! Ga ni nan zuwa!" Daga nan sai ƙarar kife kwamfuta. Babu jita ko kaɗan.

Shekaranjiya na je Jajaye. A zaure, a gaban Baba Isa, na goge waƙoƙi takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya, na share kwandon, wannan karon da umarni. Kafin in goge ta makiyayi hannuna ya tsaya. Baba ya ga haka ya kau da kai, bai hanzarta ni ba. Na goge. Ban ɓoye kwafi ba, kada wani ya tambaye ni. Aikinka na shekara biyu ya tafi, kuma ban san ko na yi maka gata ko na kashe ka karo na biyu ba. Allah ne masani. Na dai san uba ya roƙi abu a kan ɗansa, ni kuma na riga na yi gardama ɗaya da ta ishe ni har in mutu.

Sannan na shiga ɗakin Gwaggo da guntun nan a wayar ƙanwarka. Na kunna. Ta ji kanta tana kira, ta ji ka amsa. Ba ta motsa ba. Ta ce in sake, na sake. A karo na uku, da ka ce ga ni nan zuwa, sai ta buɗe baki a hankali ta ce, "Nafi'u." Shekara ashirin da bakwai ba ta faɗe shi ba, sai da babu mai amsawa. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ni kuma na fita na tsaya a bayan ɗakinka, inda ba mai ganina.

Ƙanwarka ta ce jiya da yau da hantsi, da Gwaggo ta sauke kunu, sai ta ce a kunna mata. Kofinka yana nan a inda take ajiye shi.

Ka yafe mini, ɗan'uwana. Kai ne da gaskiya a kan fura da nono, ni ne bawan, na yarda a gaban kowa.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. In akwai laifi a abin da muka naɗa, Allah ya yafe mana mu biyu, don ni na danna. Allah ya ba Baba Isa kwanciyar rai, ya ba Gwaggo haƙurin jiran da ka sa ta. Ka ce mata kana zuwa, ba ka zo ba. Allah ya sa ranar da ta iso inda kake, ta kira ka da sunanka ka amsa. Amin.

Wassalam. Ni ne taubashinka,
Lawan, daga Karaye.