Rukayya, Wannan Jinin Ba Wanki Ba Ne

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Zuwa ga ƙanwata Rukayya a Kasuwan Garba, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki.

Na rubuta lafiya ne don haka ake buɗe wasiƙa, amma na san ba ki da ita. Wayarki ba ta shiga, in ta shiga ba kya ɗauka. Shi ya sa na rubuta a fili, ko Allah zai sa wata maƙwabciyarki ta karanta miki.

Kin tuna ranar da na raka ki asibiti a nan Kontagora, lokacin da al'adarki ta yi watanni ba ta zo ba, ga gashi ya fara tsiro miki a haɓa? Likita ta yi miki hoton ciki, ta juyo mana da shi, ta nuna mana ƙananan ƙulle-ƙulle sun yi layi a jikin ƙwanki. Ta ce ciwon da ake kira PCOS ne, ba ya tafiya lokaci ɗaya, lallaɓa shi ake yi, kuma mata da yawa suna haihuwa da shi. Ta ja kunnenki kada ki bari al'ada ta daɗe ba ta zo ba, don bangon mahaifa kauri yake yi. Kika fito kina ƙunƙuni, wai ke warkewa kika zo nema.

Sai kika samo mutumin nan mai shago a bayan tasha, mai farar riga da ƙananan kwalabe. Ya ce sunan maganinsa homiyofati, fararen ƙwayoyi kamar tsabar gero, masu zaƙi, ana sa su ƙarƙashin harshe. Ya zaunar da ke, ya tambaye ki har mafarkinki da abincin da kike marmari. Kika ce mini, "Yaya, ba a taɓa saurarona haka ba." Ban musa miki ba. Sharaɗinsa ne ya tayar mini da hankali, da ya ce ki ajiye maganin da asibiti suka ba ki don yana kashe nasa.

Al'ada ta ɗauke ɗif. Kika fara ɗinka 'yan rigunan jarirai, awo ya nuna ba ciki ba ne, kika ce awon ne bai gani ba.

Bayan Babbar Salla jini ya ɓalle, har yau bai tsaya ba. Goggo Asabe da ta zo daga wajenku ta ce a zaune kike salla saboda jiri, tafin hannunki ya yi fari fat. Ta ce shi kuma mutumin ya aiko miki da sabuwar kwalba, wai wanki ne, cutar ce take fita.

Ni ba likita ba ce, ban san me ke cikinki ba. Amma kina ƙarama lokacin ciwon Inna, ni ce na gani. Ita ma tana tsige gashin haɓarta a ɓoye, ita ma jini ya zo mata ya ƙi tsayawa. Kullum maganarta ɗaya, "Zai tsaya da kansa." Da aka kai ta asibiti suka ce an makara. Ni na riƙa wanke zannuwanta a bayan ɗaki don kada ki gani.

Na san hanya ba kyau, na san 'yan bindiga sun sa direbobi ba sa tasowa sai a ayari. Maigidanki ya ce zai kawo ki ranar kasuwa in kin yarda. Ke kaɗai ake jira. Ki taho da kwalbarki in kina so, wallahi ba zan zubar ba, ba zan yi miki gori ba. A duba ki kawai, Rukayyata. Na share miki ɗaki.

Allah ya tsare hanya, ya tsayar da jinin nan, ya ba ki lafiya da zuriya mai albarka. Allah ya jiƙan Inna, ya sa kada in sake tsugunawa bayan ɗaki da bokiti.

Taki har kullum,
Yayarki Hadiza