Tururuwa Biyu a Cikin Ƙaro

Ni mahaifiyarku na rubuta wannan da hannuna, hankalina ɗaya, ko da yake likita ya ce sauran jikin ya kusa ajiye aiki. Ba na jin tsoro. Gaskiya ba na jin komai sosai. Shayi da ruwan zafi duk ɗaya suke a bakina yanzu.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa a raba yadda shari'a ta ce. Abubuwa biyu kawai na cire, kyauta ce na ba ku tun ina da rai, ƙanwata shaida ce.

Na biyu. Akwatunan da ke ɗakin karatuna a mayar wa sashenmu na jami'a. Abin da ke cikinsu ƙaron bishiya ne da ya taurare ya zama dutse tun kafin a yi mutum, da ƙwarin da suka maƙale a ciki. Rayuwata kaf a kansu ta ƙare. Babanku yakan ce ya auri matar da ba ta kula mutum sai ya shekara miliyan da mutuwa. Kada a ajiye su a rana, kada a goge su da turare, tsagewa suke yi.

Na uku. Kai babba, dutsen da ke aljihun teburina naka ne, wannan mai launin zuma, bai wuce ɗan yatsa ba. Da ido ɗigo biyu baƙaƙe za ka gani, shi ke nan.

Na huɗu. Ke Auta, madubin ƙara girma naki ne. In babu dutsen, ba ki da abin kallo sai ƙurar tebur.

Ba kuskure na yi ba. A cikin dutsen nan tururuwa biyu ne, kowacce ta kama 'yar'uwarta da baki. Suna cikin faɗa ƙaro ya kwararo ya rufe su. Na sha duba su, na auna ƙafafunsu, na yi rubutu a kansu har aka ƙara mini girma, amma ban taɓa gano abin da ya haɗa su ba. Dalilin bai maƙale a ƙaron ba. Cizon kawai ya rage.

Naku dalilin na san shi. An kai babanku makwancinsa kina hanya, Auta, yayanki bai jira ki ba. Shi ya ce mutane sun taru, ke kin ce da ya kira ki da kansa, waya ɗaya ta isa. Ku biyun kuna da gaskiya, kuma ba ta amfane ku da komai ba. Tun daga ranar kuke raba ranakun zuwa duba ni kamar ma'aikatan asibiti, 'ya'yanku ba su san muryar juna ba.

Na biyar. Kada a yanka dutsen. Na gwada neman wurin da wuƙa za ta bi, babu. Duk inda ta shiga sai ta ɓata su duka biyu.

Na shida. Kai babba, ranar da tawa ta zo, ka kira ta da kanka kafin ka kira kowa. Ke kuma ki ɗauka.

Ban ce ku so juna ba, wannan ya fi ƙarfin takarda. Cewa na yi wata rana ɗayanku ya ɗauki kayansa ya je gidan ɗaya, ku sa dutsen a ƙarƙashin madubi, ku bar yara su fara leƙawa. Za su tambaye ku me ya haɗa su faɗa. Ku nemi amsar da za ku ba su.

Allah ya yi muku albarka, ya raya zuri'arku, ya haɗa kanku tun kuna iya motsi.

Mamanku