Takardar Haihuwar Tsuntsuwa

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagawa. Yanzu ma a wurin aiki nake rubuta ta, a bayan wata takarda da inji ya ɓata, ina rubutu ina leƙen ƙofa.

Ina aiki ne a shagon buga takardu: fotokofi, ɗaurin littafi, liƙe takarda a leda. Ina da miji da yara uku. To, a nan maganar take, domin babbar cikinsu, mai shekara goma sha huɗu, ba ni na haife ta ba, kuma ba ta sani ba. 'Yar ƙanwata ce. Ƙanwar tawa ta rasu yarinyar tana da wata bakwai, jinyar kwana huɗu kacal. Mu biyu iyayenmu suka bari, don haka ni na goyo ta daga asibiti da zanen uwarta. Tsuntsuwa muke ce mata, saboda tana jaririya in ta hango cokali sai ta ɗaga kai sama ta wangale baki. Har yau sunan ya bi ta, ga shi ta fi ni tsawo.

Ubanta direban babbar mota ne a lokacin. Rasuwar ta doke shi ƙwarai, ya zama kamar wanda aka zare wa laka. Da bakinsa ya ce in riƙe ta zuwa ya dawo cikin hayyacinsa. Ba mu rubuta komai ba, wa yake tunanin takarda a gidan makoki? Shekara biyu yana leƙo mu duk bayan wata uku ko huɗu, da riguna da takalma, wasu su yi mata kaɗan wasu su yi yawa. Ranar da ta kira ni Mama a gabansa, na ga fuskarsa ta canza. Kafin ya tafi ya ce nan ba da daɗewa ba zai zo ya ɗauke ta ya kai wa yayarsa.

Anti, ga abin da ba wanda ya sani sai mijina. Dama muna shirin tashi daga unguwar, sai muka tashi a watan, ban bar masa kwatance ba, na kuma canza layin wayata da gangan. Na riƙa gaya wa kaina cewa in da gaske yake zai nemo mu. Da ta isa shiga makaranta, sunan mijina na bayar a matsayin uba, ba wanda ya tsananta tambaya.

Yanzu makarantarsu ta ce kowa ya kawo ainihin takardar haihuwarsa don rajistar babbar jarrabawa, saura mako uku a rufe. Takardar tana nan a ƙasan akwatina, cikin ambulan, da sunan ƙanwata da na uban yarinyar ɓaro-ɓaro. Kullum ta dawo makaranta, tun kafin ta cire takalmi sai ta tambaye ni takarda. Na ce ta ɓace a tashin da muka yi. Na ce ina nema. Na ce an rufe ofishin. Ƙarya ta ƙare mini. Yarinyar nan ita ce ta biyu a ajinsu, burinta aikin likitan ido, saboda ƙaninta da yake sa tabarau.

Abokin aikina mai kula da kwamfuta ya ga na rame, na ɗan gutsura masa labarin. Ya yi dariya ya ce buga wata takardar haihuwar ai aikin minti goma ne, har da hatimi. Anti, kunya nake ji amma zan faɗa: na ja kujera na zauna a bayansa, ya buga sunana a gurbin uwa, na gani da idona. Shigowar wani mai son fotokofi ce ta tashe mu. Aikin yana nan a kwamfutar, kullum sai na kalli wajen.

Ana cikin haka, makon jiya uban ya shigo shagon. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu ce ta gan ni ta gaya masa. Da ƙyar na gane shi: furfura, ga ɗingishi, ya ce hatsari ya yi ya bar tuƙi, yanzu gadin wani sito yake. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da na fi samun sauƙi. Ya zauna a bencin masu jira har na sallami kowa. Ya ce ya yi shekaru yana nemanmu, ya ce ya yi magana da lauya amma ba ya so a kai can, 'yarsa kawai yake so ya gani. Ya rubuta lambarsa a kan rasit, ya ce zai jira zuwa ƙarshen wata.

Tun ranar ban zauna wuri ɗaya na minti biyar ba. Na ƙona tukunya biyu. Jiya na balbale Tsuntsuwa da faɗa a kan famfon da ta bari yana ɗiga, ta tsaya tana kallona kamar ba ta san ni ba. Mijina ya ce in gaya mata gaskiya in huta, amma shi ba shi za ta tsana ba. Wani lokaci in ce in tura ta wurin ƙanwar mijina a wani gari har ƙura ta lafa. Wani lokaci in ce a buga takardar kawai. Anti, kotu za ta iya ƙwace mini ita? Za a kama ni a kan sunan da na bayar a makaranta? In na faɗa mata, za ta sake kirana Mama?

Taki, wadda ta rasa sukuni

Amsa:

'Yar'uwa, sannu. Shekara goma sha uku da rabi kina ciyarwa, kina jinya, kina wanki da guga. Ba wanda zai zo ya ce miki ba uwa ba ce. Amma tunda gaskiya kika zo nema, zan ba ki ita.

Gobe da safe, kafin ki taɓa kowane aiki, ki sa abokin aikinki ya goge abin nan a gabanki. Takardar jabu laifi ne mai zaman kansa, kuma ba a kanki kaɗai za ta tsaya ba. Ita yarinyar ce za ta yi yawo da ita zuwa jami'a da neman aiki, ranar da asiri ya tonu kuma sakamakonta ne zai shiga tangal-tangal. Maganar tura ta wani gari ma ki ajiye. Kin taɓa gudu sau ɗaya, kin ga inda ya kawo ki.

Shi kuma uban, ki dube shi da adalci. Ya yi sakaci da ya bar jaririya ba tare da tsayayyar magana ba, shirinsa na raba ta da hannun da ta saba da shi kuma bai yi tunani a kai ba. Sai dai amana ya ba ki, kika rufe masa ƙofa. Duk da haka ya zo ya zauna a benci, bai aiko miki da sammaci ba. Ki kira shi cikin makon nan, ki ba shi haƙuri ba tare da kwana-kwana ba, ki roƙe shi ya ba ki lokaci ki shirya yarinyar.

Ni ba lauya ba ce, kuma doka ta bambanta daga wuri zuwa wuri. Ki je ofishin masu taimakon shari'a kyauta ko na kula da walwalar yara, ki zayyana musu komai, har da canza layin waya. Ki tambaye su yadda ake tabbatar da riƙo a rubuce, da yadda ake gyara suna a makaranta. A wurare da dama ana duba abin da ya fi wa yaro alheri, ana kuma sauraron mai shekaru irin nata. In ku biyu kuka je da magana ɗaya, abin zai zo da sauƙi. Bayan haka ki kai wa shugabar makaranta takardar gaskiya. Ba ke ce ta farko da ta zo mata da irin wannan ba.

Amma kafin makaranta, kafin uba ya gan ta, Tsuntsuwa ce ta fi kowa haƙƙin ji, kuma daga bakinki. Ki zaɓi ranar hutu, ƙannenta ba sa nan, mijinki yana kusa. Ki tanadi hoton ƙanwarki. Ki faɗa mata wace ce ta haife ta, yadda take dariya, abin da take so. Ki faɗi naki laifin da kanki, kada ki ɓata uban don ki wanke kanki. Za ta iya yin kuka, za ta iya ɗauke miki wuta kwana da kwanaki. Ki jure, ki ci gaba da dafa mata abinci kina tashinta makaranta kamar kullum. Kada kowa ya tsayar da ita ya ce ta zaɓa tsakaninku. Ganin uban ma a bi shi a hankali, a gidanku, lokacin da ta ce ta shirya.

Ba zan yi miki alkawarin abin da za ta kira ki a makon farko ba. Abin da na sani shi ne, yaro yana yafe gaskiyar da ta zo a makare fiye da wadda ya tono da kansa. Ki yi maza ki riga kowa.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya ba ta sa'ar jarrabawa.